Fitilar birki a motar haibirid: Abin da ƙaramar na'urar sikanin ba ta gani

Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, motocin da ke haɗa fetur da lantarki, wato haibirid, suka fara shiga ran masu saye a Najeriya. Galibinsu Toyota Prius ne da Camry 'yan Kwatano da suka riga suka sha tafiya a Amurka. Kanikawan da suka san cikinsu ba su da yawa, kuma duk lokacin da aka sa wa mota kwamfuta sai an biya. Shi ya sa wasu masu motocin ke sayen ƙaramar na'urar sikanin su ajiye a gida.

Dabarar ba ta da laifi. Inda gizo ke saƙa shi ne ranar da fitilar birki ta kama.

Tun shekarar 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a ƙasar tsarin OBD-II, wanda shi ne soket ɗin nan mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Sai dai an kafa dokar ne saboda hayaƙi, don haka abin da kowace na'ura ke iya karantawa shi ne lambobin matsalar inji, masu farawa da harafin P. Matsalar birki kuwa tana cikin wata kwamfutar daban, lambobinta na farawa da C, kuma kowane kamfani da irin yarensa.

Na'urori masu araha irin su ELM327, da ake haɗawa da waya ta Bluetooth, sau da yawa a inji suke tsayawa idan manhajar ta gama-gari ce. Fitila na ci a gaban direba, waya na cewa babu matsala. Wanda ya gaskata wayar ya hau hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya saka ransa da na fasinjojinsa a hatsari.

Hatsarin ya fi girma a haibirid saboda yadda birkinta yake. Idan direban Prius ya taka birki, kwamfuta ce ke raba aikin: wani kaso ya tafi ga injin lantarki da ke rage gudu yana cajin batir, sauran ya tafi ga man birki, wanda wani famfon lantarki ke matsawa ya tara a ƙaramar tukunya. Idan tukunyar ta fara yoyo daga ciki, sai a ji famfon na yawan kuka ko da mota na tsaye, daga baya fitilun birki da ABS su kama tare. A Prius ƙirar 2010 zuwa 2015 lambar da aka fi sani da wannan ita ce C1391, wani lokaci da C1256. A 2013 ma Toyota ya janye wasu Prius ƙirar 2010 saboda wannan tukunya.

Amma ba kullum ne abin ke kaiwa nan ba. Ƙaramin batir mai bolt 12 idan ya yi sanyi yakan kunna fitilu barkatai, ya bar lamba C1241. Canza batir ne kawai maganinsa. Tazarar kuɗi tsakanin gyaran biyu mai yawa ce, kuma a nan na'urar kirki ke mayar da kuɗinta: mai mota zai shiga gareji ya san abin da ke damun motarsa, ba a sa shi sayen abin da bai lalace ba.

Don haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce ko na'urar na karanta ABS na wannan ƙirar da wannan shekarar. Kamfanoni irin su Autel da Launch da Foxwell na da masu yi da marasa yi, sunan kamfani kaɗai bai isa ba. A gwada ta a jikin motar kafin a biya. Masu iPhone su ƙara lura, domin tsofaffin na'urorin Bluetooth da yawa da Android kawai suke aiki.

Maɓallin goge lamba kuwa jaraba ne. Yana kashe fitila, ba ya gyara komai, kuma yana share shaidar da bakanike zai bi. Mai sayen mota a hannun dillali ma ya tuna cewa ana iya goge lamba kafin ya iso.

Akwai kuma inda na'urar gida ba ta da hurumi. Idan jar fitila ce ta kama, hambirki a sauke, man birki a cike, musamman in ƙararrawa na kuka, a tsaya a nemi mai janwe. Fitar da iska daga birkin Prius na bukatar na'urar da ke bai wa famfon umarni, irin Techstream ta Toyota. Shi kansa famfon yana iya tashi da an buɗe ƙofar direba ko da mota a kashe take, shi ya sa ake cire kan ƙaramin batir kafin a taɓa takalmin birki. Wayoyi masu ruwan lemo kuma na babban batir ne, wanda a Prius ya kai bolt 200, ba na hannun mai koyo ba ne.