Kano na bukatar taswirar hanyar ruwa, a fara da Fagge

Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a watan Agustan 2022 ba ta bar bakin 'yan kasuwa ba har yau. Dilolin atamfa da shadda da leshi sun jiƙe a cikin shaguna, mutanen da suka ɗauko kaya bashi suka wayi gari da asara. A lokacin kowa maganarsa ɗaya ce: an yi gini a kan magudanan ruwa. Na yarda da su. Abin da ke damuna shi ne, idan ka tsayar da ɗan kasuwa a Kwari ko Singa ka ce ya nuna maka a takarda inda lambatun layinsu ya taso da inda yake zubewa, ba shi da takardar da zai ɗauko. Ilimin yana cikin kan tsofaffin unguwa da wasu tsofaffin ma'aikata, kuma suna ta ƙarewa.

Fagge da Sabon Gari suna kan hanyar rafin Jakara. Rafin ya taso daga cikin birni, ya ratsa ta wannan yanki, ya haɗu da rafin Getsi, ya ƙare a madatsar Wasai ta Minjibir. Baturen nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya sa Jakara a zanen birnin da ya yi, domin a zamanin ba a iya kwatanta Kano ba tare da ita ba. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa don ɗibar ƙasar gini su ne ke shanye ruwan damina kafin ya isa rafin. Da yawansu an cike su, an yanka fuloti, an ɗora bene. Ruwan da suke riƙewa kuwa bai ragu ba, titi da shago yake bi yanzu. Sabon Gari, da aka yanka ta layi-layi jim kaɗan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, an shata mata kwatoci daidai da mutanen wancan lokacin. Yau benaye sun maye gurbin gidajen ƙasa a France Road da New Road, siminti ya rufe tsakar gidaje, ruwan da ƙasa ke sha a da duk ya koma kwata.

Kada wani ya ce mana aikin zana taswirar hanyar ruwa ya fi ƙarfinmu, domin a nan Kano aka yi irinsa. A yaƙin da aka yi da cutar shan inna, masu rigakafi sun daɗe suna aiki da taswirar da aka zana da hannu, ana tsallake rugage da ƙananan ƙauyuka ba tare da an sani ba. Daga wajajen 2012 aka koma amfani da hotunan tauraron ɗan'adam, aka zana kowane ƙauye, aka ba ma'aikata wayoyi masu nuna inda suka taka. Ƙungiyar eHealth Africa, mai ofis a Kano, tana cikin waɗanda suka yi aikin. Rabon jihar nan da sabon kamu na asalin cutar tun 2014, a Sumaila, kuma a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. Matasanmu ne suka zauna gaban kwamfuta suka yi zanen, kuma sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Bayero yana yaye irinsu duk shekara.

Kayan aikin ma sun yi sauƙi. Jirgi marar matuƙi zai iya auna tudu da gangaren Fagge layi bayan layi, har a gane inda ruwa zai kwanta. Tauraron Turai mai suna Sentinel-1 yana hango ƙasa ko da hadari ya rufe sama, hotunansa kuma kyauta ne. Tsofaffin hotunan Google Earth suna nuna kududdufin da ya ɓace da ginin da ya hau kansa.

Muna da hukumar bayanan filaye ta KANGIS, kuma aikinta na mayar da takardun filaye cikin kwamfuta abin yabo ne. Sai dai hankalinta ya fi karkata ga wa ya mallaki fili da nawa zai biya. Ina so a ɗora hanyar ruwa a kan taswirar filayenta, ta yadda hukumar tsara birane ta KNUPDA ba za ta ba da izinin gini ba sai an duba ta. Sannan a buga ta da manyan haruffa, da Hausa da Turanci, a manna a ofisoshin ƙungiyoyin kasuwa da sakatariyar ƙaramar hukumar Fagge, a sa ta a intanet.

Na san abin da wasu ke tsoro, wato rusau. Tsoron yana da dalili, domin sau da yawa mai ƙaramin ƙarfi ne ke kwana a ciki, wanda ya sayar masa da wurin kuma yana gefe. Amma ɓoye taswirar ne ke cutar da talaka. Wanda ya tara kuɗin shekaru zai kama rumfa, haƙƙinsa ne ya san ko a kan kwalbati take kafin ya biya. Wanda kuma aka riga aka sayar wa da takardar hukuma a hannunsa, a biya shi diyya kafin a taɓa masa bulo ko ɗaya.

Da rani ake awon hanyar ruwa, lokacin da magudanai suka bushe, safiyo zai iya buɗe murfi ya leƙa. A fara daga Kwari, a bi kowane lambatu ta Singa da kasuwar Abubakar Rimi har inda ya faɗa Jakara, a ɗauki masu unguwanni da dattawan kasuwa a tafi tare da su, a rubuta abin da suka nuna.