Shaidar da ke cikin waya: aikin ƴan sanda a Gaya

A Gaya, mahaɗar Nijar da Benin da Nijeriya, in ƴan sanda suka kama wanda ake tuhuma da zamba, sau da yawa shaidar tana cikin wayarsa, mai layi biyu ko uku. Dokar 2019 ta tanadi hukuncin laifukan intanet, amma sashen da ya ƙware kan wannan bincike yana Yamai, kusan kilomita 300 daga nan, alhali wa'adin farko na tsare mutum awa 48 ne. In layin na Malanbil ne ko na Kamba, sai an nemi hukumomin can.

Tun Disamba 2023 aka soke yarjejeniyar EUCAP, wadda ke horar da jami'anmu. A ganinmu, kafin a sayo na'urori, ya kamata a horar da masu bincike a Doso.