Kwamfuta Ta Kawo, Sai Aka Ce An Gama Aiki?

Duk wanda ke zirga-zirga tsakanin Court Road da Zoo Road ya saba ganin mutum a bayan adaidaita sahu rungume da kwamfutar tebur a cinya, fuska a murtuke. Yawancinsu masu shagunan buga takardu ne na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, kuma da yawansu ba yau suka fara wannan sintiri ba. An sa musu sabon ram, ba a yi tesin ba, ga shi suna ta kai gwauro suna kai mari tsakanin shago da mai gyara. Wannan ɗabi'a ta wasu injiniyoyinmu ta kai ni maƙura.

Ga yadda ake yi. Yaron shago zai kwance murfin gefe, ya buɗe 'yan maƙallan nan biyu, ya danna ram har ya ji ƙas, ya latsa maɓalli. Da alamar Windows ta bayyana sai ya waiwayo: "Alhaji, ka ga ta kawo." Ko minti biyar ba a yi ba, an karɓe kuɗi, an kira na gaba.

To ta kawo, sai me? Tashin kwamfuta ba ya bin dukkan lungunan ram. Idan lalacewar tana wani lungu da ba a shiga sai aiki ya yi nauyi, ba za ta nuna ba sai mai shago ya buɗe CorelDRAW, ga intanet a buɗe, ga ɗaliba ta zo daga Asibitin Malam Aminu Kano tana jiran a fitar mata da aikinta. Nan allo zai koma shuɗi. Wannan ma da sauƙi, tunda ka ga matsalar da idonka. Mafi muni shi ne wanda zai gurɓata fayil a ɓoye, ka adana shi lafiya lau, gobe ka zo ya ƙi buɗuwa, ka ɗora laifin kan bairos ko kan 'yan NEPA.

Abin da ya fi ƙona mini rai, gwajin nan kyauta ne. Windows da kanta tana ɗauke da shi: ka rubuta mdsched, kwamfuta ta sake tashi ta binciki kanta. Ga kuma MemTest86, wadda ke nan tun 1994, ta girmi yawancin yaran da ke riƙe da sukurdireba a shagunan nan. A filashi ake sa ta, ta bi ram gurbi-gurbi tana rubutawa tana karantawa, ta sake zagayowa. Kuskure ɗaya tak ya isa a ce akwai matsala. Abin da take ci kawai lokaci ne, awoyi, wani zubin har a kwana.

Na san amsar masu gyara. Babu wuta, man janareta ya yi tsada, mutane sun yi layi. Gaskiya ne, ba na musu. To ka faɗa wa mai kaya: "Yallaɓai, bar ta ta kwana, ka ƙara kuɗin mai." Wanda ya ƙi, ruwansa. Amma ka san akwai gwaji, ka yi gum, ka bar bawan Allah ya tafi da zaton an duba? Wannan ba ƙarancin wuta ba ne, ha'inci ne.

Ba na ƙyamar kayan hannu. Da yawa daga cikin kwamfutocin HP da Dell da ke ciyar da gidaje a garin nan daga ofisoshin Turai da Amurka aka kwaso su, kuma suna aiki. Ana samun ram mai kyau a titin Beirut da Farm Centre, akwai kuma masu gyara masu tsoron Allah. Rigimata da wanda zai zaro ram daga aljihu, cikin makullai da ɓawon goro, ya kama shi ta bakin nan mai ruwan zinariya da yatsu masu gumi. A lokacin hunturu ma, da ko ƙofar mota ka taɓa sai ta ja ka, haka zai damƙe shi ba tare da ya fara taɓa ƙarfen akwatin ba. Sai ya haɗa mai gudun 1600 da mai 1333, duka biyun su koma tafiyar mai nawa, bai ce maka uffan ba. Ko ya cika maka giga 8 a kan Windows mai 32-bit, wadda ko giga 4 ba ta iya amfani da shi cikakke. Sitika kuwa kowa na iya liƙawa; CPU-Z ce za ta gaya maka gaskiyar abin da ke ciki.

Sannan wai duk ciwo ram ne, kamar mai kemis ɗin da kowane zazzaɓi a wurinsa na cizon sauro ne. Sau da yawa tsohon had dis ne ke jan ƙafa, SSD ake buƙata, ko ƙura ce ta toshe fanka. Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, an samu sabuwar hanyar tatsa: "Ƙara ram ka hau Windows 11." Ba za a gaya maka tana neman TPM 2.0 da furosesa ta zamani ba, kuma kusan duk kwamfutar da ke cin ram samfurin DDR3 ba ta cikin lissafin Microsoft ko ka cika mata duk ramukan. Ga shi tun ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabo a duniya, domin Samsung da SK Hynix da Micron sun karkata ga manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira. Idan kaya ya yi tsada, wanda aka jefar a kwali bara ma fitowa yake yi a goge masa baki da kilina.

Mu masu saye ma da namu. Gaggawa ta yi mana yawa, kuma muna jin kunyar neman rasit kamar za mu zagi iyayen mutum. Idan ma an bayar, sai ka ga an buga a ƙasa wai kayan da aka saya ba a dawowa da su. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ba ta san wannan zance ba idan kaya lalatacce ne.

Shugabannin ƙungiyoyin kasuwannin nan, da ba sa wasa da karɓar kuɗin ƙungiya, su kafa doka ɗaya: duk wanda ya sayar da ram ko ya sa shi, ya rubuta girmansa da gudunsa a rasit, ya ba da garantin mako guda, ya nuna wa mai kaya sakamakon tesin a allo kafin a ɗaure murfi. Wanda ya ƙi, a ci shi tara, a mayar wa mutum kuɗinsa har da na adaidaita sahun da ya yi ta biya.