Ƙarar Gaban Mota Ba Ta Shokozoba Kaɗai Ba Ce

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Jega zuwa Maiyama ko Liba ya san ƙarar nan, ƙwas-ƙwas daga gaba, da zarar taya ta faɗa rami. Direba ya ce shokozoba ce, ya ƙara wuta. Mu kuwa 'yan boko mu yi tsit, wai ba fanninmu ba ne.

Abin mamaki, masu ɗorin Aliero ba sa ɗaure ƙashi sai sun lalube gaɓa da hannu, amma mota an bar ta ga kintace. Alhali binciken ba wuya. A ɗaga gaban da jak, a kama taya gefe da gefe a girgiza. In ta yi wasa, tayarod ya ci. A kama sama da ƙasa. In ta motsa, boljoyin ne ko boris. Matacciyar shokozoba tsalle take sa mota. Boljoyin kuwa, ran da ya tsinke, taya lanƙwashewa take yi ana cikin gudu, ga buhunan albasa, ga fasinjoji.

A ganina, wajibi ne shugabannin tasha su hana irin wannan mota lodi har sai bakanike ya girgiza tayoyinta.