RIGAR ANGO: KAFIN KA SHIGA KANTIN KWARI

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ku 'yan uwana matasa, yau ina so mu tattauna kan wani al'amari da ake ɗauka ƙarami, alhali yana jefa angwaye da dama cikin bashi tun kafin amarya ta tare, wato kayan da ango zai sa ranar ɗaurin aure. Ra'ayina shi ne, rigar ango ta cika sharuɗɗa uku: ta zama halal, ta dace da jikinsa da yanayin garinsa, kuma ta fito daga aljihunsa ba tare da rance ba.

Mu fara da yadi. Cikakkun kaya, wato babbar riga da 'yar ciki da wando, sukan ci yadi goma, kaftani da wando kuwa yadi biyar sun isa. Shaddar da ta fi suna a kasuwanninmu ita ce Getzner, wadda ake saƙawa a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya. Da kuɗin waje ake shigo da ita, shi ya sa tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashinta ya yi tashin gwauron zabi. Ba na musun ingancinta, auduga ce mai kyau. Sai dai sunan da ke jikin leda ba hujja ba ne, domin jabu ta cika kasuwa. Ka roƙi mai kanti ya zaro maka zare ɗaya daga gefen yadin, ka kusanta shi da ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka, zaren roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule. Wannan gwaji yana da amfani ga wanda za a ɗaura aurensa tsakanin Maris da Mayu, lokacin da zafi kan kai digiri 40 a Kano da Sakkwato. Yadi goma na roba a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a azaba ce, ko da ana ta ɗaukar hoto.

Game da launi, hadisi ya tabbata a Abu Dawud da Tirmizi yana kwaɗaitar da mu sanya fararen tufafi, kuma fari ba ya tsufa a ido. Wanda ya fi son shuɗi, ga marinar Ƙofar Mata a Kano, inda har yau ake rini da baba, ga kuma masu bugu da ke fito da ƙyallin yadi da hannu. Kuɗin da ka kashe a can ya shiga gidan ɗan uwanka.

Sai aiki. Aska takwas da aska biyu zane ne da muka gada, kuma Zariya ta yi fice wajen ɗinkin hannu. Aikin hannu yana cin makonni, don haka ka kai kayanka da wuri, kada ka matsa wa tela har ya yi maka alkawarin da ba zai iya cikawa ba. A nan akwai hukuncin da ya kamata ka sani. An haramta wa maza alhariri da zinare, an halatta wa mata. Hadisin Sayyidina Umar (RA) a Sahihu Muslim ya yi rangwame a kan alharirin da bai wuce faɗin yatsu huɗu ba. Mafi yawan zaren da telolinmu ke kira siliki a yau zaren masana'anta ne mai sheƙi kawai, babu laifi a kansa. Amma tsamiya ta asali daga tsutsar alhariri ta daji ake samunta, don haka wanda zai sa riga mai yalwar aikin tsamiya ya tambayi malaminsa tukuna.

Haka nan tsawo. Babbar riga tana da nauyi, idan ba a auna da kyau ba sai ta riƙa share ƙasa. Hani ya zo a Bukhari kan tufafin da ya wuce idon sawu. Malamai sun yi saɓani ko hanin ya keɓanta da mai girman kai, amma me zai sa ka shiga saɓani a ranar da kake neman albarka? Ka ce wa tela ya tsaya a saman idon sawu, rigar ma za ta fi tsafta.

Hula kuwa, ko zanna bukar ce ko damanga, ka tafi da ƙyallen yadinka wurin mai hula, ka zaɓi wadda ɗaya daga launukanta ya shiga da rigar. Hula ɗaya mai kyau da za ta jure wanki ta fi uku marasa inganci. Zobe ya zama na azurfa, agogo kada ya zama na zinare, takalmin fata mai sauƙin cirewa ya fi dacewa da wanda zai shiga masallaci. Turare sunna ne, ka sa daidai gwargwado.

Na san wani zai ce, Malam, ai rana ɗaya ce a rayuwa, kuma Allah Yana son kyau. Gaskiya ne, hadisin yana cikin Muslim, kuma ban ce ango ya fito da tsumma ba. Wanda Allah Ya hore wa ya sa mai tsada, ni'ima ce. Amma aya ta 31 a Suratul A'araf da ta umarce mu da yin ado ita ce kuma ta hana ɓarna. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne. Idan kuɗin rigarka ya ninka sadakin matarka, kuma bashi ka ci, to ka karkatar da awo. Lokacin da Abdurrahman bin Auf (RA) ya yi aure, abin da Annabi (SAW) ya umarce shi da shi walima ce, ko da da akuya ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne anko. Ango zai fitar da yadi mai tsada ya ɗora wa abokansa, cikinsu akwai ɗalibi, akwai mai neman aiki. Wani ya ci bashi don kunya, wani ya ƙi zuwa ɗaurin auren amininsa saboda ba shi da kuɗin anko. Idan dole sai an yi, a ce kowa ya zo da farin kayansa, ai ya wadatar.

Kafin ka biya, ka tambayi kanka ko za ka iya sa wannan riga ranar Juma'a da ranar Idi shekaru uku masu zuwa. Idan amsar ita ce a'a, ka ajiye ta, ka sayi buhun shinkafa da ragowar kuɗin, amarya za ta fi gode maka.

Allah Ya ba marasa aure mata na gari, Ya sanya albarka a gidajenmu. Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum.