“Ai an ɗauke masa alƙalami”: wa ya ce an ɗauke masa baki?

Daga Malisa zuwa Gwandu har Kalgo, magana ɗaya ce ake rufe bakin matashi mai larurar ƙwaƙwalwa da ita: “Ai an ɗauke masa alƙalami.” Da an faɗe ta, shi ke nan. A sayar da gonar gadonsa ba a tambaye shi ba. A ɗaura wa yarinya aure, sai dai ta ga ana mata lalle. A ɗura masa magani, ko a tura shi bara ranar kasuwa wani ya karɓe kuɗin. Jama’a na kiran wannan tausayi. Ni zalunci nake kiransa, wanda aka yafa wa mayafin addini.

Ɗauke alƙalami magana ce ta hisabi, wato Allah ba zai kama wanda hankalinsa ya gushe da laifi ba. Sassauci ne aka yi masa. Mu kuma sai muka mayar da shi izinin kwashe masa haƙƙi.

Abin kunya ne a ce a ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake kwance mun manta da fiƙihun da ya karantar. Malaman Malikiyya ba su zuba kowa a buhu ɗaya ba. Sun bambanta wanda hankalinsa ya gushe gaba ɗaya da wanda ciwon ke zuwa masa yana tafiya, sun kuma ware safihi, wanda bai iya riƙon dukiya ba. Safihi ana hana shi taɓa dukiyarsa, amma idan ya saki matarsa, saki ya tabbata. Ke nan mutum na iya gaza yanke hukunci a abu ɗaya, ya iya a wani. Aya ta 6 a Suratun Nisa’i ma gwaji ta umarci waliyyi ya yi wa maraya kafin ya miƙa masa dukiyarsa. A gidajenmu wa yake gwadawa? Kurma ma, da lafiyayyen hankalinsa da maganar hannunsa, cikin mahaukata ake lissafa shi.

Doka ma ta bar mu a baya. A 2010 Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashe na 12 nata ya ce a taimaka wa mutum ya yanke shawararsa. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci, a Janairun 2023 kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. A Ingila, dokar 2005 ta ce duk wanda ya kai shekara 16 ana ɗaukarsa mai iya yanke shawara har sai an tabbatar da akasin haka.

Za a ce, “To idan aka bar shi, ’yan damfara su cinye shi fa?” Tsoron gaskiya ne, kuma akwai waɗanda dole waliyyi ya tsaya musu a komai. Amma mun ga inda kariyar da ba ta tambaya take kaiwa. A Satumban 2019 ’yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Da yawansu danginsu ne suka kai su, da sunan gyara.

Saboda haka, liman kada ya ɗaura aure sai an zaunar da yarinyar an yi mata bayani yadda za ta gane, an ji ta bakinta. Alƙalin kotun shari’a kada ya damƙa gado ga wani baffa don kawai ya ce yaron “ba shi da kai”; ya kira yaron, ya nemi rahoton likita, ko da daga asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ne. Mai unguwa kuma kada ya shaida cinikin gonar da mai ita bai san an sa ta a kasuwa ba.