Zauren Iyali: Mu Raka Ɗan Uwanmu Neman Magani



Gidaje da dama suna ɓoye wani ciwo: ɗa ko miji da giya ta kama. Ya rantse ya daina, ya sake komawa, kunya kuma ta hana shi neman taimako. Mu tuna Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya hana a la'anci wani mutum da aka sha kamawa da shan ta, domin yana son Allah da Manzonsa.

A shekarar 1935, a garin Akron na Amurka, mashaya biyu, Bill Wilson da Dakta Bob Smith, suka gane cewa mai fama ya fi sauraren wanda ya ɗanɗani irin wahalarsa. Daga nan ƙungiyar Alcooliques Anonymes ta samo asali. Zamansu kyauta ne, sharaɗinsa ɗaya: niyyar dainawa. Ba a tambayar sunan mahaifi, kuma sirrin zaure ba ya fita waje. A 1989 Musulmin Baltimore suka kafa irin tasu, Millati Islami.

Mai nema ya tambayi likita inda ake irin wannan zama. Idan babu a kusa, ana yin sa ta intanet da Faransanci. Amma wanda ya daɗe yana sha kullum kada ya yanke rana ɗaya ba da sanin likita ba, domin karkarwa da farfaɗiya na iya biyo baya.

Iyali, ku rufa masa asiri, ku raka shi zaman farko. Allah ya ba shi lafiya, ya karɓi tubanmu baki ɗaya. Amin.